Bangon gabas da aka yi wa filasta sau uku: nazarin lamari

Asalin matsalar: damina, 2023

Gidan yana wata unguwa a Funtuwa. Marigayi mai gidan ya gina ɗakuna biyu da jan bulo tun farkon shekarun 1980, kuma bai yi musu filasta ta waje ba, domin a wancan lokaci jan bulo shi kansa ado ne. Da iyali suka ƙaru aka jona ɗaki na uku da bulon siminti mai inci shida, shi ma aka bar bayansa haka nan. Bangon da ke kallon gabas tsawonsa mita 12 ne, tsayinsa mita 3: mita 8 jan bulo, mita 4 bulon siminti, da taga biyu. Ɗakin uwar gida ne a tsakiya, daf da mahaɗar tsohon gini da sabo.

Duk wanda ya zauna a ƙasar Hausa ya san hadari daga gabas yake tasowa, kuma bangon gabas ne ke shan dukan ruwa. Maginan ƙasa na dā sun san da haka, shi ya sa suke ba shi kulawa ta daban da makuba ko laso. Wannan bango kuwa ya yi kusan shekara arba'in babu abin da ya kāre shi. Simintin da ke tsakanin bulo ya zaizaye, har a wasu wuraren yatsa na shiga. A watan Agusta danshi ya ratso ciki, fenti ya kumbura ya ɓare, kayan sawar da ke jingine da bango suka yi fumfuna, wani farin gishiri kuma ya fito a fuskar bulo ta waje.

An kira birkila ya duba. Kuɗin da ya yanka ya fi ƙarfin gidan, ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin tifar yashi ya tashi. Babban ɗan gidan, matashi mai shekara ashirin da 'yan kai da ya gama difloma yana neman aiki, ya ce shi zai yi. Bai taɓa riƙe cokalin gini ba. Abin da yake da shi shi ne kallon magina a unguwa da bidiyoyin da ya gani a waya.

Gwaji na farko: Janairu 2024

Ya fara a tsakiyar hunturu, don a lissafinsa babu fargabar ruwan sama. Ya sayi siminti buhu ɗaya mai kilo 50, ya aro baro da shebur da cokali. Yashi bai saya ba. Shi da ƙannensa suka kwaso daga wani kwari a bayan unguwa inda ruwan damina ya tara shi, ja-ja mai laushi, irin wanda in ka dunƙula a hannu yake tsayawa a dunƙule.

Ya zuba baro huɗu a kan buhun nan guda. A lissafin magina buhun siminti kwano biyu ne, irin kwanon da lebura ke ɗaukar kwaɓi a ka, baro kuma kwano huɗu yake ci, wato ya yi siminti kashi 1 da yashi kashi 8. Ya kwaɓa duka a tashi ɗaya da hantsi. Bangon bai kankare shi ba, bai wanke ba, ya dai yayyafa masa ruwa buta guda. Yana ɗora kwaɓin yana shafawa, kusan rabi na zubewa ƙasa, ya kwashe haɗe da ƙura ya mayar cikin baro. Da azahar kwaɓin ya fara ƙarfi, ya ƙara masa ruwa ya sake juyawa. Kafin magariba ya rufe mita 4 na ɗakin mahaifiyarsa, kaurin daga santimita 1 a wani wuri zuwa fiye da 2.5 a inda bango ya lotsa. Bai sa safar hannu ba, siminti ya cinye masa fatar yatsu, sanyin hunturu ya ƙarasa tsattsaga su.

Washegari filasta ta yi fari fat, ta bushe ƙayau, mutanen gida suka yi ta sa masa albarka. Babu wanda ya zuba mata ruwa.

Bayan mako guda, in aka goga tafin hannu sai yashi ya zubo. Makullin babur na yi mata zane mai zurfi ba tare da an danna ba. Cikin mako na uku wani ɓangare mai faɗin faifai ya faɗo daga ƙarƙashin taga, bulon da ke bayansa tsaf, babu ko ɗigon siminti a jikinsa.

Gwaji na biyu: Maris 2024

Matashin ya yanke cewa rowar siminti ce ta jawo masa. Sai dai wannan tunani ya zo a mummunan lokaci. A watan Fabrairu farashin siminti ya yi tashin gwauron zabi, buhu ya haura naira 10,000 a garuruwa da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka sanar da cewa ya kamata ya dawo tsakanin 7,000 da 8,000. Ya jira har cikin Maris, ya tattara abin da ya samu ya sayi buhu uku, ya kuma zaɓi mai lamba 42.5R, lambar da ke nuna ajin ƙarfin siminti, saboda an gaya masa ya fi ƙarfi.

A wannan karon ya sayi yashi, amma ya nemi mafi laushi da ke akwai, don yana son bango ya yi sumul. Ya kankare filastar farko da shebur, abin da bai ɗauke shi ko awa biyu ba. Kwaɓin ya koma buhu ɗaya a baro ɗaya, kashi 1 da 2 ke nan, ya kuma cika masa ruwa don ya yi daɗin shafawa. Azumi ya kama tun 11 ga Maris, saboda haka ya tsara aikinsa daga bayan asuba zuwa wajen sha ɗaya, kafin ƙishi ya taso. Waɗannan su ne awoyin da rana ke bugun bangon gabas kai tsaye, ga zafin bazara ya riga ya shigo.

Ya yi shafi ɗaya mai kaurin kusan santimita 2, ya zarce da rabin mita ya hau kan bulon siminti don ya rufe mahaɗar. Da ya gama sai ya barbaɗa busasshen siminti a kai ya yi ta goga da bayan cokali har fuskar ta ɗauki sheƙi, kamar yadda ya ga ana yi wa daɓen ɗaki. Ya zuba ruwa sau ɗaya a rana, kwana biyu, ya daina, saboda kowace jarka saye ake yi a wurin 'yan garuwa.

Wannan filasta ba ta zubar da yashi ba. Ƙusa ma da ƙyar take shigarta. Amma kafin kwana huɗu ƙananan tsagu suka bazu a fuskarta, suna haɗuwa suna rabuwa ko'ina. Kafin sallah wata doguwar tsaga ta sauko tun daga sama har ƙasa, daidai kan layin da jan bulo ya haɗu da bulon siminti. Gwiwarsa ta yi sanyi, ya bar maganar.

Zuwan tsohon birkila: Afrilu 2024

An yi ƙaramar sallah ranar 10 ga Afrilu. Wani dattijon birkila, abokin marigayi mai gidan, ya shigo gaisuwa, aka nuna masa bangon. Ya karɓi guduma ya juya ta, ya riƙa ƙwanƙwasa filastar da ƙotar, taki bayan taki. Inda ta kama, ƙarar a dunƙule take fita. Inda ba ta kama ba sai ta amsa kamar ganga. Duk inda ya ji haka sai ya zagaye da gawayi, kuma da ya gama zanen ya cinye fiye da rabin aikin. Ya ɓalle wani yanki ya juya bayansa: jar fuskar bulo ta biyo shi, manne da siminti.

Ya ce, “Ɗana, ka shayar da bangon nan kuwa?”

Matashin ya ce, “Na zuba masa, Baba, kwana biyu.”

“Kafin ka fara nake tambaya.”

Dattijon bai karɓi aikin ba, bai kuma tsaya dogon bayani ba. Ya ce yana da filastar wani gida a hannu, yaron ya zo ya yi masa lebura, a biya shi kamar kowa, ya buɗe idonsa.

Mako uku ya yi a wurin. Makon farko bai taɓa bango ba, tankaɗe da awo da kwaɓi kawai. A nan ya ga ana auna yashi da kwano a share bakinsa, ba a ƙirga shebur, domin shebur ɗin safe da na yamma ba ɗaya ba ne. Ya ga ana juya siminti da yashi a bushe har launinsu ya zama ɗaya kafin ruwa ya shiga, kuma ba a kwaɓa abin da ya wuce na awa guda. Wanda ya fara daskarewa a baro zubar da shi ake yi ko a cike rami da shi, ba a farfaɗo da shi da ruwa.

Ya kawo samfurin yashinsa na farko, dattijon ya sa shi ya zuba a kwalba zuwa rabi, ya cika da ruwa da ɗan gishiri, ya girgiza ya ajiye. Bayan 'yan awoyi yashi ya kwanta a ƙasa, laka ta kwanta a kansa a fili, kaurinta kusan kashi ɗaya cikin biyar na duka. Abin da aka yarda da shi a wannan gwaji bai wuce kashi 6 zuwa 8 cikin 100 ba.

Sai jifa. Wannan ne abin da bidiyo bai ba shi ba. Birkila ba ya shafa kwaɓi a busasshen bango, jefa shi yake yi. Yana ɗebowa a cokali, ya karkata wuyan hannu ya wurga daga ƙasa zuwa sama, kwaɓin ya bugi bango ya baje ya shige ramukan bulo, iska ta fita daga bayansa. Ƙarfin daga wuyan hannu yake fitowa, kafaɗa ba ta da aiki sosai. Kwanakin farko na matashin rabi a bango rabi a fuskarsa. An ba shi bayan makewayi ya yi ta yi, ana kankarewa yana sakewa, har ranar da dattijon ya wuce ya duba bai ce komai ba. A wurinsa wannan ne yabo.

Gwaji na uku: Mayu 2024

Ya koma kan bangon gida a mako na biyu na Mayu, an fara yayyafi jefi-jefi. Wannan karon duka mita 12 ya ɗauka. Ya sayi siminti buhu shida mai lamba 32.5, ya duba babu mai dunƙule a ciki, ya jera su kan katako a zaure. Yashin filasta ya gauraya da yashin kogi da aka tankaɗe, biyu da ɗaya, ya gwada a kwalba laka ta fito siririya.

Kwana biyun farko shiri ne zalla. Ya fasa filasta ta biyu da guduma da kurfi, aikin da ya fi yin ta wahala, kuma ya canza bulo goma sha da fuskarsu ta lalace. Ya ƙwaƙule tsohon simintin da ke tsakanin bulo zuwa zurfin santimita 1. Farin gishirin nan ya goge shi a bushe da burushin ƙarfe kafin ruwa ya taɓa wurin, don in aka wanke shi narkewa yake yi ya koma cikin bulo. Sannan ya wanke bangon tas. A kan mahaɗar gine-ginen biyu ya kafa ragar waya mai faɗin santimita 30, rabi a kan jan bulo rabi a kan bulon siminti, daga sama har ƙasa. Ya kafa sanduna ya jingina zana ta tare rana da iska.

Lokacin aiki ma ya juya shi. Yana farawa bayan azahar, sa'ad da inuwa ta dawo gabas, ya tashi da magariba.

Daren da zai fara ya jiƙa bangon sosai, ya sake jiƙawa da rana, ya jira har sheƙin ruwa ya ɓace amma bulon na nan da duhun danshi. Sai ya yi watsi: siminti 1, yashin kogi 2, ruwa-ruwa, ya watsa da ƙarfi har bango ya yi kaushi ko'ina. Bai goge ba. Ya bar shi kwana biyu yana yayyafa masa ruwa.

Kafin shafi na farko ya ja igiya ya kafa geji, wato 'yan dunƙulen kwaɓi da ake mannawa a bango a tazarar mita ɗaya da rabi, a daidaita su da ma'aunin ruwa, su zama jagorar kauri. Shafin farko kashi 1 da 4 ne, buhu ɗaya a baro biyu, kaurinsa kimanin santimita 1. Yana jefawa tsakanin geji biyu, ya bari ya ɗan sha iska, ya ja doguwar sanda miƙaƙƙiya daga ƙasa zuwa sama tana yanke tudu, ya cike kwari. Inda bango ya lotsa sosai bai cika a tashi ɗaya ba, sai da ya yi sau biyu a ranaku daban. Kafin ya daskare ya kakkarce fuskar da katako mai ƙusoshi, layi-layi a kwance. Yamma biyu wannan ya ci. A ta biyun hadari ya haɗo, suka rufe sabon shafin da leda har ruwa ya wuce.

Ya jira kwana shida, ana ba shi ruwa. Shafi na biyu ya fi na farko sauƙin siminti, kashi 1 da 5, kuma ya fi shi siranta, milimita 6 zuwa 8. Da ya kai lokacin da yatsa ke barin ɗan alama amma ba ya nutsewa, ya goge da katakon guga yana zagayawa, ya bi da jiƙaƙƙen soso. Bai barbaɗa siminti ba, bai sa ƙarfe ya yi sheƙi ba. Fuskar ta fito da ɗan kaushi-kaushi, abin da mahaifiyarsa ba ta so ba da farko.

Dattijon ya leƙo sau biyu. Shi ya sa aka tsayar da filastar santimita 15 sama da ƙasa, aka yi ɗan dakali mai gangara waje a gindin bango, aka kuma ja ɗan kwarmi a ƙarƙashin bakin kowace taga don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi jikin bango.

Shayarwa ta zama aikin ƙannensa mata biyu: bayan asuba, da azahar, da bayan la'asar, da bokiti da tsintsiya, kwana bakwai cif. An rataya tsofaffin buhunan algarara a jiƙe a ɓangaren sama inda zana ba ta kai ba. Jarka huɗu zuwa biyar ake sha a rana, sai ranakun da aka yi ruwan sama aka huta.

Bayan damina: Oktoba 2024

Daminar 2024 ta yi ƙarfi a arewa, ita ce wadda madatsar Alau ta ɓalle a cikinta a watan Satumba ruwa ya mamaye Maiduguri. Bangon ya sha duka yadda ya kamata a gwada shi. A Oktoba aka sake bin sa da ƙotar guduma. Wuri biyu ne suka amsa, kowanne bai fi tafin hannu ba, duka a can sama kusa da rufi inda ya fara aiki a ranar farko. Mahaɗar gine-ginen ba ta tsage ba. Akwai siririyar tsaga guda a kusurwar taga ɗaya. In aka ɗora doguwar sanda, akwai inda ake ganin tazarar rabin santimita, wadda ido ke kamawa da safe idan rana ta bugo ta gefe.

A cikin ɗakin uwar gida bango ya bushe daga sama har zuwa kusan gwiwa. Daga nan zuwa ƙasa, wajen santimita 30, danshi ya sake fitowa a Agusta, ko da yake bai kai na 2023 ba. An yi fentin waje a Nuwamba.

Abin da ya faru, da dalilinsa

Siminti buhu goma aka kashe, huɗu daga ciki sun tashi a banza. Gwaji na farko da na biyu sun yi hannun riga a yawan siminti, ɗaya 1 da 8, ɗaya 1 da 2, amma ciwo ɗaya ya kashe su, wato rashin ruwa a lokacin da ake bukatarsa. Siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba. Haɗuwa yake yi da ruwa a hankali, kwana da kwanaki, shi ya sa ma ake auna ƙarfinsa a kwana 28. Jan bulo kuwa mai ƙishi ne, yana zuƙar ruwa sosai. A Janairu busasshen bulo ya tsotse ruwan ta baya, iskar hunturu ta kwashe ta gaba, filastar ta bushe kafin ta kama. Farin da ta yi washegari, wanda aka yi murna da shi, alamar mutuwarta ce. Laka a yashi da ƙura a bango da ƙarin ruwan azahar sun ƙarasa abin da ya rage.

Na Maris ya fi ban takaici, don ya fi tsada kuma ya yi wa bango illa. Kwaɓi mai yawan siminti da yashi mai laushi da ruwa da yawa ya fi kowane irin kwaɓi tsukewa idan yana bushewa. Da ya tsuke a kauri santimita 2 ƙarƙashin ranar bazara, dole ya tsage, kuma da yake ya fi tsohon bulon ƙarfi sai ya fizgo fuskarsa. Guga da ƙarfe da barbaɗen siminti sun tara wata siririyar fata a sama wadda ta fi saurin darewa. Lambar 42.5R ba laifi ba ce a karan kanta, amma ba ita aikin ke nema ba, harafin R na nufin mai saurin yin ƙarfi ne, kuma tun a 2014 hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, wato SON, ta ambaci 32.5 a matsayin simintin filasta. Doguwar tsagar kuwa ko da gwani ne ya yi shafin za ta fito in babu raga, saboda jan bulo da bulon siminti ba sa motsi iri ɗaya da zafi da danshi.

A ganina matashin bai yi kuskure da ya ce zai yi da kansa ba. Aikin mai koyuwa ne, kuma gidaje da yawa ba su da wata mafita a irin farashin yau. Abin da ya cuce shi shi ne ya ɗauki ɓangaren da ake gani, wato shafi da guga, a matsayin aikin gaba ɗaya. A gwaji na uku yammacin da ya yi yana shafi bai kai biyar ba cikin kusan mako uku, sauran duk shiri ne da jira da shayarwa, kuma waɗannan ne mai wucewa ba ya tsayawa kallo, mai ɗaukar bidiyo ma yanke su yake yi. Mako ukun da ya yi yana lebura su suka nuna masa su, kuma an biya shi a kai.

Danshin gindin bango wata matsala ce daban. Daga ƙasa yake hawowa, domin ba a sa abin tare danshi a harsashin tsohon ginin ba, kuma babu filastar da za ta hana shi. Ruwan da ke zubowa daga kwanon rufi yana taruwa a lungun gabas kafin ya sami hanya. Abin da gidan ke shirin yi kafin damina mai zuwa shi ne sa indararo a bakin rufin da haƙa 'yar kwata ta fitar da ruwan zuwa titi. Bangon kudu, wanda bai kai na gabas lalacewa ba, matashin ya ce zai bar shi sai hunturu ya wuce.